Muhawara: Kullen sakata ne ya kawo sauyi a bindigogin ƙarni na 19, ko kuwa gidan harsasai?

Injiniya_Zazzau:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina so in ajiye wata magana a gabanku domin masu sani su ƙara mini haske. Tun da muka fara tattauna tarihin ƙere-ƙeren ƙarni na 19 a wannan zaure, hankalina ya fi karkata ga bindigogi masu sakata, wato waɗanda ake buɗe bayansu da wata sandar ƙarfe mai hannu, a ɗaga hannun sama, a ja baya, a tura gaba, sannan a kwantar da shi, kamar yadda ake yi da sakatar ƙofa. Wannan sanda ɗaya ita ce ke tura harsashi cikin mazauninsa, ita ce ke toshe bayan bututu lokacin da albarushi ya kama, ita ce ke ɗauke da allurar da ke dukan makunni, wato ɗan sinadarin da ke kunna albarushi, kuma ita ce ke zaro kwanson da aka harba ta jefar da shi. Ra'ayina shi ne, daga bindigar Dreyse da ƙasar Prusiya ta amince da ita a 1841 har zuwa Mauser ta 1898, babban abin da maƙeran Turai suka yi ta nema shi ne inda za a sa haƙoran da ke kulle sakatar, kuma ranar da aka mayar da haƙora biyu zuwa goshinta, dab da gindin harsashi, ranar aka gama aikin. Duk sauran abubuwa, a ganina, ƙari ne. Shin akwai wanda yake ganin ba haka ba ne?

MalaminTarihi_Katsina:
Wa alaikumus salam. Malam Injiniya, ka fara lissafi daga wuri mai kyau, amma ka tsallake abin da ya fi bai wa mutanen wancan zamani wahala. Bindigar Dreyse ba ta da matsalar kulle irin wadda kake nufi, domin baƙin albarushi ba shi da ƙarfin da zai karya ƙarfe cikin sauƙi, don haka gindin hannun sakata da ke jingine da kafaɗar gidanta ya wadatar. Ciwon kanta shi ne harsashin takarda. Takarda ba ta toshe komai, saboda haka wuta da hayaƙi kan tsarto ta baya zuwa fuskar mai harbi, musamman idan bindigar ta sha aiki. Ga kuma allurar, wadda doguwa ce siririya, sai ta ratsa ta cikin albarushin gaba ɗaya kafin ta kai ga makunnin da ke can gaba a bayan dalma, wato duk harbi ɗaya a tsakiyar wuta take kwana, shi ya sa sojoji ke yawo da allurai na canji. Faransawa sun yi ƙoƙarin magance yoyon nan a bindigar Chassepot ta 1866 ta hanyar sa zoben roba a kan sakata, wanda ke kumbura ya toshe kafa idan an harba, amma zafi kan taurara robar ta lalace. Abin da ya raba gardama shi ne kwanson tagulla, wanda shi da kansa yake kumbura ya manne da bangon mazauni a lokacin harbi, sannan ya ɗan saki don a iya zaro shi. Da shi aka gina Mauser ta 1871 da Gras ta 1874. Ni dai a wurina harsashi ne ke ja, sakata tana bin sa.

ƊanMaƙeran_Bichi:
Na goyi bayan Malam. Ƙari a kan haka, kwanson tagulla ya kawo wa sakata sabon aiki da ba ta da shi a da. Takarda ƙonewa take yi, amma tagulla sai an zaro ta, don haka dole aka ƙera ƙugiyar da za ta kama leɓen kwanso, aka kuma nemi dabarar da ɗaga hannun sakata zai fara ɓamɓaro kwanson da ya manne kafin a ja baya. Wannan ɗan gangaren da aka sassaƙa a bayan gidan sakata, wanda gindin hannun ke hawa a kai, ƙaramin abu ne a ido amma shi ke hana bindiga cijewa.

Sadauki_Maradi:
Kada mu manta cewa taken muhawarar nan ya ambaci gidan harsasai, wato batun bindigogi masu harbi a jere, kuma Mauser ta 1871 da Gras duk harsashi ɗaya suke ɗauka. Ƙasar da ta fara bai wa rundunarta gaba ɗaya bindiga mai sakata mai gidan harsasai ita ce Suwizalan, da bindigar Vetterli ta 1869. Johann Friedrich Vetterli ya ɗauki tsarin bututun ajiya da ke ƙarƙashin bututun harbi, irin na Winchester ta Amurka, ya haɗa shi da sakata. Harsasai fiye da 10 ne ke jere a cikin bututun, hancin wannan a gindin wancan, sifirin yana turo su baya, sannan wani ɗan ƙarfe mai hawa da sauka ya karɓi ɗaya ya ɗaga shi zuwa gaban sakata. Manyan ƙasashe ba su kula ba sai bayan yaƙin Plevna (wani gari a Bulgeriya ta yau) na 1877, inda sojojin Turkiyya suka yi wa na Rasha mummunar ɓarna daga kusa da bindigogin Winchester. Daga nan ne sojojin ruwan Faransa suka karɓi tsarin Kropatschek mai bututun ajiya a 1878, Jamus kuma ta ƙara wa Mauser ɗinta bututu mai harsasai 8 a samfurin 1884. Amma bututun nan yana da aibi uku da ba sa ɓuya: sai an ɗura harsasai ɗaya bayan ɗaya, nauyin bindiga yana sauya wuri yayin da harsasai ke raguwa, kuma idan bututun ya lotsa ko kaɗan, komai ya tsaya.

Injiniya_Zazzau:
Na gode, Malam na Katsina da ɗan'uwa na Maradi. Amma ku duba abin da ya faru a 1886, domin a nan ne hujjata take. Paul Vieille ya samar da albarushi marar hayaƙi a Faransa a 1884, bayan shekara biyu kuma aka fito da bindigar Lebel mai faɗin baki milimita 8. Harsashin Gras yana fita da gudun kimanin mita 450 a daƙiƙa, na Lebel kuwa ya haura mita 600. Ƙarin gudun nan ya zo da ƙarin matsi a cikin mazauni, kuma nan take tsohon kulle na gefe ɗaya, irin na Gras da Mauser ta 1871, ya zama abin tsoro, domin ƙarfin da ke turo sakata baya yana sauka a ɓangare guda, yana murɗa gidan sakatar. Me masu ƙera Lebel suka yi? Sun sa haƙora biyu masu kallon juna a kan sakata, ta yadda nauyin zai rabu daidai kuma ya sauka a kusa da bututu. Ba su ma taɓa gidan harsasan ba, sun bar bututun Kropatschek yadda yake. Wannan yana nuna abin da suka ɗauka a matsayin wajibi da abin da suka ga za a iya jinkirtawa.

MalaminTarihi_Katsina:
Gaskiya ne sun bar bututun, Malam Injiniya, kuma wannan gaggawar ce ta sa bindigar da ta girgiza duniya a 1886 ta tsufa kafin ta cika shekara goma. Ga misali ɗaya da ke nuna tsadar wannan zaɓi. A cikin bututun ajiya, hancin kowane harsashi yana zaune ne a kan makunnin na gabansa, shi ya sa harsashin Lebel na farko aka yi shi da dakusasshen hanci. Da aka gane cewa harsashi mai tsini ya fi nisa da saiti, aka fito da samfurin 1898 mai tsini, sai tambaya ta taso: idan bindiga ta yi turi da baya, me zai hana tsinin wannan ya fasa makunnin wancan a cikin bututu? Sai da aka yi wa gindin kwanso wani zagayayyen kwari kewaye da makunni, domin tsinin na baya ya faɗa ciki maimakon ya sauka a tsakiya, aka kuma ƙara wa makunnin murfi. Dabara ce mai kyau ƙwarai, amma dabara ce ta kewaye matsalar da tuni wasu suka kawar da ita daga tushe. James Paris Lee, haifaffen Sikotilan da ya yi aikinsa a Amurka, ya yi rajistar gidan harsasai mai siffar akwati a ƙarƙashin sakata tun 1879, inda harsasai ke kwance ɗaya bisa ɗaya, babu hancin da ke taɓa makunnin wani.

Tsohon_Kofur:
Ku gafarce ni, ni ba mai karatun injiniya ba ne, amma tunda an ambaci Lee zan sa baki, domin da jikar bindigarsa aka horar da mu a lokacin da na shiga aikin ɗan sanda, wato wadda muke kira Mark 4, mai harsashi .303. Haƙoranta a baya suke, ba a goshi ba, kuma duk da haka ban taɓa ganin wadda ta gaza riƙe harsashinta ba, alhali wasu daga cikinsu sun girmi waɗanda ke riƙe da su. Abin da hannu ke ji shi ne sauƙi. Hannun sakata yana nan daidai bayan kunama, ɗagawar ba ta da yawa, jan bayan gajere ne, har mutum yana iya sarrafa ta ba tare da ya ɗauke kumatunsa daga kan katako ba. Sai wajen turawa gaba ne za ka ji ɗan tauri a ƙarshe, lokacin da sifirin allura ke ɗanuwa, amma a nan tafin hannu yake da ƙarfi, don haka ba ya damun kowa. Abin da malaminmu ya fi tsananta mana a kai shi ne jera harsasai, cewa leɓen na sama ya kasance a gaban leɓen na ƙasa, in ba haka ba sai su sarƙe sakata ta ƙi tafiya. Injiniya, idan kullen gaba ne ƙarshen magana, yaya aka yi Ingila ta yi yaƙin duniya biyu da kullen baya?

Malama_Fizis:
Baba Kofur ya yi tambaya mai nauyi, kuma ina ganin amsar tana cikin lissafin ƙarfe. Duk ƙarfe yana ɗan matsewa ko ya miƙe idan aka ɗora masa nauyi, kuma gwargwadon tsawonsa gwargwadon yadda zai motsa. Idan haƙora suna goshi, tazarar da ke tsakanin gindin harsashi da wurin kulle 'yar kaɗan ce, don haka kusan babu motsi. Idan suna baya, dukan tsawon sakatar yana matsewa, bangon gidanta kuma yana miƙewa, sai kwanso ya samu damar ja baya kaɗan ya miƙe. Ga soja wanda zai jefar da kwanson, wannan ba komai ba ne, muddin harsashin ba mai matsanancin matsi ba ne, kuma .303 matsakaici ne. Ribar da aka samu kuwa a fili take. Tunda haƙoran suna bayan gidan harsasai, ba sai sakata ta ja baya da ƙarin tsawon haƙora ba, kuma juyawar hannunta kusan digiri 60 ce, ta Mauser kuwa 90. Saboda haka ba na ganin ɗaya ta fi ɗaya kai tsaye. Lee ya sayi sauri da kuɗin ƙarfi, Mauser kuma ya sayi ƙarfi da kuɗin sauri.

Injiniya_Zazzau:
Baba Kofur, Allah ya ƙara girma. Amsata ita ce Turawan Ingila da kansu sun so su bar tsarin Lee. Bayan abin da suka gani a yaƙin Buwa na Afirka ta Kudu, na 1899 zuwa 1902, inda Mauser mai milimita 7 ta riƙa samun su daga nesa, sun ƙera sabuwar bindiga a 1913 mai haƙora biyu a goshi irin na Mauser, da sabon harsashi mai ƙarfi na .276. Yaƙin 1914 ne ya ɓarke kafin a kammala, sai suka ga ba lokacin sauya doki ba ne. Da an ba su shekara biyar ta zaman lafiya, ina kyautata zaton da wata bindigar aka horar da ku.

ƊanMaƙeran_Bichi:
Akwai ɓangaren da masu karatu ba sa cika kallo, wato na wanda zai tsaya a gaban inji ya fitar da abin. Ni aikina sassaƙar ƙarfe ne na kayan injin niƙa da na mota, kuma na san cewa yanka kwari a cikin rami, inda ido ba ya gani kuma ma'auni ba ya shiga da sauƙi, ya fi yanka shi a fili wahala nesa ba kusa ba. Mazaunin haƙoran gaba a cikin zoben gidan sakata yake, a ɓoye, kuma dole haƙoran biyu su zauna daidai a lokaci guda, in ba haka ba ɗaya ne zai ɗauki nauyin duka. Wannan yana bukatar injuna masu daidaito da ƙarfe mai kyau da kuma sanin yadda ake taurara shi da wuta, abin da masana'antun Turai ba su ƙware a kai sosai ba sai wajen ƙarshen ƙarnin. Haka kuma idan yashi ya shiga wannan ɓoyayyen kwari, fitar da shi aiki ne, alhali na Lee a buɗe yake, tsumma da ɗan yatsa sun isa. Wata hikimar ta tsarin Lee ita ce kan sakata daban yake, ana kwance shi. A samfurin da Baba Kofur ya ambata an yi kawunan da tsawo daban-daban masu lamba 0 zuwa 3, ta yadda idan bindiga ta saki, sai mai gyara ya sauya kai kawai.

Sadauki_Maradi:
Ina so in dawo da mu kan gidan harsasai, domin akwatin Lee shi kaɗai bai gama aikin ba. Lee-Metford da Ingila ta karɓa a 1888 tana ɗaukar harsasai 8, daga baya 10, amma da hannu ake cusa su ɗaya-ɗaya. Wanda ya fara magance jinkirin ɗuri shi ne Ferdinand von Mannlicher na Ostiriya, a tsakiyar shekarun 1880, da wani mariƙin ƙarfe mai harsasai 5 da ake cusawa gaba ɗaya cikin bindiga. Mariƙin yana zama a ciki, shi ne ma ke riƙe da harsasan, sai an tura na ƙarshe sannan ya faɗo ta wata kafa a ƙasa. Jamus ta ari wannan tsari a bindigarta ta 1888, Italiya ma a Carcano ta 1891 mai harsasai 6. Aibinsa shi ne idan babu mariƙi bindigar ta koma mai harbi ɗaya, ba a iya cike gurbin harsasai biyu da aka harba, kuma kafar nan ta ƙasa ƙofa ce ga taɓo. Mauser ya bi wata hanya a bindigar da ya yi wa Beljiyam a 1889: mariƙinsa siririn faranti ne da ake tsayarwa a bakin gidan sakata, a danna harsasan da babban yatsa su zube ciki, a yar da farantin. Domin ƙera wannan bindiga ne ma aka kafa kamfanin FN a Herstal a wannan shekarar.

Ɗalibi_BUK:
Malamai, ina bin wannan tattaunawa da sha'awa. Ina da tambaya: na ji ana yabon ƙugiyar Mauser fiye da sauran sassanta. Mene ne ya bambanta ta da ƙugiyar sauran bindigogi, tunda duk aikinsu zaro kwanso ne?

MalaminTarihi_Katsina:
Tambayarka ta dace, ɗana. A yawancin bindigogin farko, sakata tura harsashi kawai take yi a gabanta, ƙugiya ba ta kama leɓensa sai an kulle gaba ɗaya. To, ka ɗauka soja yana cikin firgici, ya tura harsashi cikin mazauni amma bai kwantar da hannun sakata ba, sai ya sake ja baya. Harsashin farko yana nan a ciki tunda ba a kama shi ba, sakata kuma za ta ɗebo na biyu ta tura hancinsa a kan makunnin na farko. Mafi sauƙin abin da zai faru shi ne bindiga ta cije, mafi muni kuwa harsashi ya tashi alhali baya a buɗe yake. An samu irin wannan haɗari da bindigar Jamus ta 1888, wadda kwamitin soja ne ya tsara ta, ba Mauser ba. Paul Mauser ya amsa da doguwar ƙugiya mai faɗi da ke kwance a gefen sakata, wadda ba ta juyawa tare da ita. Da zarar harsashi ya taso daga gidansa, leɓensa yana zamewa ƙarƙashin ƙugiyar, don haka duk inda sakata ta nufa, gaba ko baya, yana tare da ita. Wannan ƙugiya ta fito a 1892, a 1893 kuma samfurin Sifen ya zo da gidan harsasai mai jeri biyu a karkace, wanda ya shige cikin katako bai leƙo waje ba. Abin da 1898 ta ƙara shi ne kariya ga mai harbi: haƙori na uku a baya wanda ba ya ɗaukar nauyi sai idan na gaba sun gaza, ramuka biyu a jikin sakata domin karkatar da iska mai zafi idan kwanso ya fashe, da wani faifai a bayan sakatar da ke tare fuska. An kuma mayar da ɗana allura zuwa lokacin buɗewa. Ka ga haƙoran gaba sun riga duk waɗannan zuwa da shekaru, kuma ba su kaɗai suka yi bindigar ba.

Bagobiri_1960:
Misalin da ya fi fito da wannan a fili shi ne yaƙin Amurka da Sifen a Kuba a 1898. Amurka tana riƙe da Krag-Jørgensen, ƙirar mutanen Norwe biyu, wadda ta karɓa a 1892. Kowa ya yarda sakatarta tana da santsi ƙwarai, gidan harsasanta kuma abin sha'awa ne, domin ta gefe ake buɗe wata ƙofa a zuba harsasai 5 su zagayo ta ƙarƙashin sakata, har ana iya ƙara harsashi ba tare da an buɗe sakatar ba. Amma ɗaya-ɗaya ake zubawa, kuma haƙori ɗaya ne gare ta a gaba. A tudun San Juan, sojojin Sifen da ba su kai 1,000 ba, riƙe da Mauser ta 1893, sun jigata rundunar da ta ninka su sau da yawa. Da Amurka ta gwada ƙara wa harsashin Krag ƙarfi, sai haƙorin nan ɗaya ya fara tsagewa, dole aka janye harsashin. Sakamakon shi ne Springfield ta 1903, wadda ta yi kama da Mauser har sai da gwamnatin Amurka ta biya kamfanin kuɗin haƙƙin ƙira. A nan kulle da ɗuri duka biyun suka kayar da Krag.

Malama_Fizis:
Ƙaramin gyara ga Malam Bagobiri. Ba duk sojojin Amurka a Kuba ne ke da Krag ba. Da yawa daga rundunonin 'yan sa-kai suna riƙe da tsohuwar Springfield mai harbi ɗaya da baƙin albarushi, wanda hayaƙinsa ke tona inda suke. Kuma masu tsaro a kan tudu cikin ramuka suna da rinjaye ko da wace bindiga suka riƙe. Bai kamata a ɗora wa Krag dukan laifin ba.

Sadauki_Maradi:
Da yake an fita Turai, bari in ce wannan tarihi ya shafe mu kai tsaye, domin shekarun da ake wannan gasa su ne shekarun da aka mamaye nahiyarmu. Duk lokacin da wata ƙasa ta sauya bindiga, tsofaffin sukan kwararo kasuwa. Samori Ture, shugaban da ya yaƙi Faransawa a Afirka ta Yamma, ya sayi bindigogin Gras ta hanyar Firitawun, ya kuma mallaki masu harbi a jere irin na Kropatschek, maƙeransa kuwa sun kai ga gyara su har da ƙera kwatankwacinsu da hannu, abin da ke nuna cewa tsarin sakata na farko ba shi da sarƙaƙiyar da ta fi ƙarfin maƙeri mai basira. A yaƙin Adwa a ƙasar Habasha a 1896, Italiyawa sun je da Vetterli da aka ƙara wa akwati mai harsasai 4, Habashawa kuma suna da bindigogin zamani masu yawa, aka kuma ga yadda ta kaya. Turawa sun san haka, shi ya sa yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani a mafi yawan nahiyar, ta bar musu irin na ɗuri ta baki. A yaƙin Omdurman a Sudan a 1898, sojojin Ingila suna da Lee-Metford, na Masar da Sudan da ke tare da su kuwa Martini-Henry mai harbi ɗaya aka ba su. Faransa ma ta fitar da samfurin Berthier na 1907 musamman domin sojojinta na Afirka ta Yamma, mai mariƙin Mannlicher na harsasai 3 kacal.

Tsohon_Kofur:
Maganar bai wa wasu mai harbi ɗaya ta tuna mini da wani abu da na gani a jikin wata tsohuwar Lee-Enfield a ɗakin ajiyar makamai, wadda ta girmi irin tamu. A gefen dama tana da wani ɗan faranti da ake turawa ciki ya rufe bakin gidan harsasai. Mai kula da ɗakin ya bayyana mana cewa a da umarni shi ne soja ya rufe gidan, ya riƙa sa harsashi ɗaya-ɗaya da hannu, sai hafsa ya ba da izini sannan a buɗe a yi amfani da na ajiya. Wato manyan sojan wancan lokaci ba su amince da gidan harsasan ba, suna tsoron yara za su ƙarar da harsashi a banza.

Bagobiri_1960:
Haka ne, Baba, kuma ba Ingila kaɗai ba. Lebel da Krag da Mauser ta 1884 da Springfield ta 1903 duk suna da irin wannan makulli. Ingila ba ta fara cire shi ba sai a tsakiyar yaƙin duniya na farko, domin a sauƙaƙa ƙira. Wannan yana ƙarfafa wani ɓangare na maganar Injiniya, domin a idon masu sayen bindigar a lokacin, kulle mai aminci wajibi ne, gidan harsasai kuwa na ranar tsanani ne. Amma Mauser tun daga 1889 bai sa wannan makulli a manyan samfuransa ba, saboda ya fahimci cewa idan ana iya ɗura 5 a lokacin da ake ɗura 1, babu sauran dalilin ajiya.

ƊanMaƙeran_Bichi:
Sarƙewar leɓe da Baba Kofur ya ambata tun farko ita ma ta tilasta ƙira. Rasha ta zaɓi harsashi mai leɓe a Mosin-Nagant ta 1891, sai aka sa wani ɗan ƙarfe a bangon gidan sakata da ke danne harsasan ƙasa ya saki na sama shi kaɗai, kuma ba ya sakin na gaba sai an juya sakata. Jamus kuwa tun 1888 ta cire leɓen gaba ɗaya ta yanka kwari a gindin kwanso domin ƙugiya, sai harsasai suka riƙa zamewa a kan juna ba tare da wani ƙarin ƙarfe ba.

Injiniya_Zazzau:
Na karanta duka, kuma na ƙaru. Har yanzu ina kan cewa ba don kullen goshi ba, da ba a iya cin moriyar sabon albarushi yadda ya kamata ba, kuma hujjata ita ce yawancin bindigogin farauta masu ƙarfi da ake ƙerawa har yau a kan wannan tsari suke. Sai dai akwai reshen da ba mu taɓa ba, wato sakatar da ake ja kai tsaye ba tare da ɗaga hannu ba, irin ta Mannlicher da ta Schmidt-Rubin ta Suwizalan ta 1889. Mannlicher ya fara da wani ƙarfe da ke faɗawa ƙasa ya tokare sakata ta baya, amma daga 1890 shi ma ya koma kai mai juyawa da haƙora biyu a gaba. Me ya sa wannan tsari bai yaɗu ba, alhali motsi biyu ne maimakon huɗu?

Malama_Fizis:
Dalilin yana komawa ga ɗan gangaren da Malam na Bichi ya ambata a farko. A sakata mai juyawa, hannun yana aiki a matsayin madogara mai tsawo, don haka ƙaramin ƙarfi daga yatsu yana zama babban ƙarfi wajen ɓamɓaro kwanso. A mai ja kai tsaye, jan da mutum ya yi ne ake juyarwa ta cikin wasu murɗaɗɗun kwari a cikin hannun rigar sakata, kuma wani kaso na ƙarfin yana ɓacewa a gogayya. Idan bindiga tana da tsabta kuma harsashi mai kyau ne, tana da sauri. Idan ta yi zafi, ko taɓo ya shiga, ko kwanso ya ɗan fi ƙima, sai ta cije. Sojojin Kanada sun gamu da wannan da bindigar Ross a ramukan yaƙi a 1915, har a 1916 aka karɓe ta aka ba su Lee-Enfield. Suwizalan kuwa ta ci gaba da nata tsarin har tsakiyar ƙarni na 20, domin tana ƙera bindiga da harsashi da daidaito mai tsanani, kuma sojojinta ba su shiga ramukan yaƙin ba.